Ina Waɗanda Suka Koma Gida da Tari?

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaci ne a wata masaƙa da ke Sharaɗa.

Ƙanena Sale ni na kawo shi birni, muka yi aiki tare a ɗakin shiƙar auduga. Da tari ya kama shi har ya kasa tsayuwa, sai ya koma ƙauyenmu ta wajen Gumel. Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa.

Kwanan baya likitoci suka zo binciken ƙurar auduga. Suka auna ƙirjinmu, suka ce masu tari kaɗan ne. Sai wani mutum da ke cikinsu, wanda aka ce aikinsa ƙididdiga, ya ce, "Ku dakata. Masu lafiya ne suka rage a nan. Ina waɗanda suka bar aiki? In ba a ƙirga da su ba, za a ce ƙurar ba ta da laifi."

Kowa ya yi shiru, don tsoron sallama. Ni dai na ce, "Akwai Sale."

Mutumin ya ce suna ɗaya ba ya zama hujja, sai an samo sauran.

Don Allah masu sauraro, mutanen Gumel, Haɗeja da Damagaram, duk wanda ɗan'uwansa ya dawo daga masaƙa da tari, ya aiko a faɗa. Malam, ta ina za mu bi?

Sale bai samu magani ba. Ko ƙirga shi a yi.