Jan Fenti a Ƙofar Gida

Indabo, Bakanuwa mai kawo atamfa Wagadugu, tana jiran layi a shagon buga waya na Zongo. Dattijon da ke gefenta ya ƙura wa wata takarda ido.

"Baba, lafiya dai?"

"Ta 'yata ce, Su'ada. Jami'a biyu suka ɗauke ta. Ta garin Bobo take so, karatun kwamfuta. Na ce ta haƙura da ta nan, tunda ga ɗakin uwarta, da ƙafa ma sai ta je."

"Ai ka kyauta."

"Ina na kyauta? Shekaranjiya aka shafa wa gidanmu jan fenti, unguwar za a rushe. Parsel ɗin, wato fulotin da aka ba mu a madadinsa, fili ne fetal, can bayan unguwar Waga 2000. Na zaga Zogona, unguwar da ke kusa da jami'ar, neman mata ɗaki, ɗalibai sun cika ko'ina."

"To ta tafi Bobon mana! Ba ku da mai masauki a can?"

"Akwai ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Shi ne ka hana yarinya?"

"Shekara tara ba ma gaisawa, Hajiya."

"A kan me?"

"A kan gidan nan da za a rushe."

Mai shagon ta leƙo ta ce layi ya zo kan dattijon. Ya juya takardar, ga lambar ƙanen a bayanta.

"Yau ake rufe rajista a Bobo," in ji shi. "Shiga ke, Hajiya. Ni ban shirya ba tukuna."