Ba a Rubuta Mata a Littafin Jirgi

Kwana uku ina layi a wani ofishi a Portsmouth, ba mai saurarona, sai na ji wata tsohuwa ta tare wani mai ƙafa ɗaya, mai lambar yabo a ƙirji.

"Malam, ranar da muka gwabza da Faransawa a bakin Nilu, jirginmu ɗaya. Ni na riƙa kai muku albarushi. Shiga ka shaida, a ba ni tawa lambar."

"Baiwar Allah, ba a rubuta mata a littafin jirgi. Wadda ba a rubuta ba, ba ta je ba."

"To, aljana ce ta ɗaure maka dungun nan?"

"Ɗauri? Igiyar kwalta kika tamke min, Dorcas, har na suma!"

"Au, ashe ka san sunana! Ɗauki sandarka, munafuki. Haka za ka maimaita musu."