Kalangun Fammar a Tashar Rano

A tashar Rano, Malam Shitu na jiran motar Kibiya ta cika, sai ya dubi mutumin da ke gefensa da hedifon a kunne.

"Ɗana, abin nan naka ya fashe, kiɗa na ta zuba."

"Haka aka ƙera shi, Baba, bayansa a buɗe yake. Matsakaici na saya, don kuɗin ya kai ga wannan 'yar amfilifaya mai ƙara sauti. Gwada ka ji, tsohon kaset ɗin wani biki ne a Fammar na kwafa a waya."

Malam Shitu ya sa, sai ya waiga da sauri yana neman makaɗin.

"Allahu Akbar! Wannan hannun marigayi mahaifina ne. Har tarinsa na ji."

"Baba, motar Kibiya ta cika."

"Ta tafi abinta. Maido mini shi daga farko."