Aiki a Tsallaken Gada

"Ba zan faɗa ba," in ji Renata, da mai sayar da katin bas a tashar Duluth ta Amurka ya nemi adireshin gidanta. Ta ba shi lambar akwatin da gwamnati ke karɓar mata wasiƙu, ta zauna tana murmushi.

Tsohuwar da ke gefenta ta ce, "'Yar nan, ga taurin kai ga fara'a?"

"Aikin jinya na samu, Mama! A asibitin tsallaken gada, har da gida."

"To katin bas na mene ne? Tattara ki koma mana."

"Can wata jiha ce. Wanda ya karya mini hannu ya fito daga kurkuku, gwamnatin jihar nan ke ɓoye inda nake. Ranar da na tashi, kariyar ta ƙare."

"Can ma suna da irinta."

"Sai na nemi sabuwa. Kafin su amsa, ina fili ba kariya."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Tawa 'yar ba ta jira ba, ga shi na rasa ta."

Renata ta riƙe hannunta. "Ni zan jira. Gidan asibitin na bar musu, kullum ina kan hanya a bas, uwata ma ba ta san ƙofata ba."