Dutsen da Ke Saman Unguwa

A wurin jiran mota, wani dattijo ya ƙura wa ƙaton dutsen da ke saman unguwar ido. Matar da ke gefensa ta kasa haƙuri.

"Baba, lafiya kake kallonsa haka?"

"Fasa dutse ne sana'ata, 'yata. Saiwar bishiyar can tana buɗa tsagarsa, ruwa yana shiga yana cin cikinsa."

"Tun kakanninmu yake nan, bai taɓa motsi ba."

"Baƙin da ke gindinsa fa?"

"Nan muke ƙona shara."

"Mu ma wuta muke hura wa dutse, in ya yi zafi mu kwara masa ruwa, ya dare."

Ta dubi hadarin da ya haɗo.

"Baba, yanzu na ƙona shara. Yarana suna gida, kuma na kulle musu ƙofa."