Waƙar Sanda da Harisu ya tafi da ita

Salamu alaikum. Ina gaida Fasto Gwamna da dattawan coci. Ina gaida Alhaji Dikko, shugabanmu na 'yan Arewa a nan Dubai. Ina gaida Patricia matar marigayi da 'yarsa Chastity, waɗanda aka ce suna kallonmu ta waya daga Kafanchan. Patricia, sannu da haƙuri. Abokan aikinsa na kamfanin gyaran na'urar sanyi, ku ma sannunku.

Sunana Mero, Kaka ake ce mini. Ban yi boko ba, kuma lasifika tsoro take ba ni. 'Yata Murjanatu ce ta zauna ina faɗa tana rubutawa, Dickson abokinsa ne yake karanta muku. Na ce wa Alhaji Dikko ya zaɓi mai ilimi, ya ce a'a, marigayin wurina ya fi zama. Idan na yi kuskure ku yafe mini.

Sunansa Harrison, amma bakina bai taɓa iya shi ba, Harisu nake ce masa, yana amsawa.

Murjanatu ta kawo ni garin nan don in yi mata wankan jego. Ita da mijinta Ɗalhatu su fita aiki da safe, su bar ni da jinjira a can saman bene. Ban iya shiga lif ni kaɗai ba har yau. Ko ƙofa aka buga ba na son buɗewa, don ban san da wane yare zan amsa ba. Rannan na'urar sanyi ta mutu, zafi kamar zai kashe mu, aka turo mai gyara. Na buɗe masa. Ya dube ni ya ce, "Kaka, ina wuni? Haka za ki bar angonki a tsaye a waje?" Na ce, "Wane ango da ba ya kawo cefane?" Daga ranar na samu jika.

Ya kasance mutum ne da ba ya jin Hausa a bakin wani ya wuce. Ni da salla, shi da coci, bai taɓa sa wannan a gaba ba. Ya kasance idan baƙo ya sauka bai san inda zai nufa ba, Harisu ne a filin jirgi. Da yawa a cikinku a ɗakinsa na Investment Park kuka fara kwana, kun sani. Ya kasance idan sanyin ɗakin wani ya lalace ranar Juma'a, ranar hutunsa, sai ya ɗauki jakarsa ya ce yalla, wato mu je da Larabci. Mun ci moriyarsa, mu duka.

Ya kasance kuma mai gita. Waƙoƙin Turawa na da yake so, waɗanda aka yi tun kafin a haife shi, wai rok suke ce musu. Samari su ce, "Harrison, wannan ai kiɗan matattu ne." Ya ce, "Naku na bana wa zai tuna da shi baɗi?" Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a yabi mai waƙa a manta da mai ganga. Ya kan sa mini faifai a waya ya ce, "Kaka, ji wannan, ya fi duk waɗanda ake sa hotonsu, amma har ya mutu ba wanda ya san shi."

Ran da ya faɗi haka na ce masa nima na san irin wannan mutumin. Yayana ne, Sanda. A Bukuru muka tashi, zamanin Turawan kuza. Sanda yana kaɗa gita a kulob ɗinsu, yana yi musu waƙoƙin ƙasarsu alhali ko makaranta bai je ba, da kunne ya koya. Babanmu ya kore shi daga gida saboda wannan. Ni ce nake ɓoye tuwo in kai masa bayan kulob da rana, in same shi a ƙarƙashin mangwaro yana gwaji. Akwai wata guda da yake yi mini. Ya rasu yana direban tifa, ba faifai, ba kaset, ba hoto. Duk wanda ya ji shi ya mutu, sai ni.

Harisu ya ce, "Menene sunan waƙar?" Na ce ina na sani, Turanci ce. Ya ce in rera. Na rera da hanci, ina jin kunya.

Jama'a, yaron nan ya sa kansa aiki. Duk Juma'a bayan coci, don a nan ranar suke zuwa, sai ya zo da waya da gita, ya sa mini tsofaffin waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya. In ce ba ita ba ce. Ya sa wata, in ce wannan ai faɗa suke yi. Ya ce, "Amarya, kin fi maigidana wahalar gamsuwa." Damina ta wuce a gida, muna nan muna nema. Sai rannan ya sa wata, ina goye da jinjira, sai na zauna a ƙasa. Na ce, "Ita ce. Amma sun ɓata ta, sauri suke yi." Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kaka, su fa suka ƙirƙiro ta." Na ce, "To Sanda ya fi su."

Wani da sai ya bar ni da tsufana. Shi ya ajiye wayar ya ɗauki gita ya ce, "Nuna mini yadda Sanda yake yi." Sanda a hankali yake janta. Idan ya kai tsakiya sai ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya, kiɗa ya mutu, ya yi fito shi kaɗai, sa'an nan ya dawo. Fiton nan babu shi a faifan Turawa, nasa ne. Harisu ya yi ta gwadawa ina gyara masa har ya kama. Ranar da ya yi ta daidai, sai ya ce, "Kin yi gaskiya, ya fi su."

Murjanatu ta ce masa ya naɗa a waya a aika mata, don ba ta gida lokacin da muke yi. Ya ƙi. Ya ce ba za a naɗi Sanda a waya kamar saƙon barka da Juma'a ba, sai an je wurin naɗa na gaske, Dickson a kan ganga, a rubuta sunan Sanda na Bukuru a jiki. Ko Dickson bai ji ta ba, wai yana so ya ba shi mamaki.

Sai korona ta zo, aka rufe gari. Kun san sauran. Ba mu gan shi a asibiti ba, ba mu raka shi ba. Patricia, ko ke ba ki ga fuskarsa ba. Ban san abin da zan ce miki ba, 'yata, wallahi ban sani ba. Chastity, babanki kullum hotonki yake nuna mini.

Wayarsa da yatsansa take buɗewa, an kai wa masu gyara a Deira sun ce sai dai a goge komai. Ya faɗa mini sunan waƙar sau da yawa, bai zauna a kaina ba. Murjanatu ta sa na rera wa wayarta don ta nemo, waya ta kawo mana waƙar Indiya.

Yanzu likita ya ce kaina ya fara mantuwa. Ina ajiye abu in rasa. Jiya ina faɗa wa Murjanatu wannan magana na gwada waƙar, na kai inda Sanda yake ɗora hannu, na tsaya. Fiton bai zo ba. Yau da safe ya zo rabi. Tsoro nake ji, ba na mutuwa ba, wannan na kowa ne. Tsoron in wayi gari babu ko rabin.

Don haka ina roƙonku abu ɗaya. Idan Dickson ya gama karantawa, zan tashi, zan cire takunkumi in rera, ko da murya ta ƙi. Ku fito da wayoyinku duka ku naɗa. Harisu ya yafe mini, ba yadda ya so ba ne. Wanda ya gane ta ya faɗi sunanta. In na kai tsakiya na yi shiru, kada ku tafa, ku ɗan jira ni.

Na gode wa Fasto da ya bar mai salla ta yi magana a taronku. Na gode wa duk wanda ya zo. Allah ya ba Harisu hutawa, ya saka masa da abin da ya yi mana. Allah ya raya Chastity, ya ba Patricia ƙarfin zuciya. Allah ya maida kowannenmu gida da ƙafafunsa. Allah ya bar mini waƙar nan har in kai ƙarshenta yau. Amin.

Dickson, ajiye takardar, zo ka riƙe mini hannu.