Malam Abdulhamid da Ramin Salih

Assalamu alaikum. Mai girma Uban Ƙasa, limamai da malamanmu, shugaban makaranta, Alhaji Junaidu wan marigayi, mai ɗakinshi Hajiya Sadiyatu da yara, jama'ar Mabera, ina gaishe ku. Ni ne Sirajo. Shekara ashirin da shida teburinmu ɗaya da Malam Abdulhamid a ofishin malamai.

Ya kasance malamin labarin ƙasa, amma rabin hankalinshi na sama. Duk wanda ya zauna ajinshi ya san ramin Salih. Yakan zana wani ɗan wata mai kewaya duniyar Zuhal, shi ce: "Can babu gari, babu gulbi, babu masallacin da za a yi kwatance da shi. Sai masana sunka zaɓi wani ƙaramin rami da dutse ya faɗo ya haƙa, sunka sa mai suna Salih, da shi suke auna gabas da yamma a taswira. Ba don girma anka zaɓe shi ba, don bai gusawa ne."

Ya kasance haka gare mu. Rikicin iyakar fili, daidaita alƙiblar sabon masallaci, cika wa yara fom, duk sai a ce a nemo Malam.

Yau zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Sau biyu takardar karatun falaki a ƙasar waje ta zo mai. Sau biyu munka tara dattawa munka tahi gidanshi, munka baje bisa tabarma, munka ce ba mu tashi sai ya haƙura. Karo na biyu ni na yi magana, har ina jin daɗin bakina. Kun san Malam, bai iya kallon furfura shi ce a'a. Ya ninke takardar ya sa aljihu, ya sa anka kawo muna fura. Bai taɓa tada maganar ba har ya koma ga Allah, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Alhaji Junaidu, ga Muhsina ɗiyar Malam. Ita ma irin wagga takarda ta iso mata, kuma an sa ranar Asabar dattawa su je su roƙe ta ta zauna ta karɓi ajin ubanta. An aiko in shiga tawagar. Ba ni zuwa. Hajiya, na san gida zai yi maki faɗi, amma don girman Allah ku bar ta ta tahi.

Mun gode da zuwanku. Allah shi jiƙan Malam, shi haskaka kabarinshi, shi gafarta muna abin da munka yi mai da sunan ƙauna. Muhsina, Allah shi kai ki lahiya. Amin.